Gyara

Mota ɗaya ta sauke mu a Mil Sha Biyu,
ni da Sallau, bisa buhunan albasar Aliero,
kwana uku muna wari har ƙuda ya gaji da mu.
Ni na nemi inuwa. Shi ya nemi fensir.

Abin da ya fara gani a Ikko ba teku ba ne,
tumatir ne da ake zubarwa bayan la'asar,
kwando bayan kwando, ja kamar an yi yanka.
Ya tsuguna yana ƙirga asarar wasu,
yana rubutawa a bayan kwalin sukari.

Iya Sikira ta ba shi aron tebur a Agege,
ba takarda, ba shaida,
sai wani dogon kallo da ta yi wa tafin hannunsa.
Ya wanke tumatir, ya jera, ya manna farashi.
Muka yi dariya har da riƙe ciki:
wa zai sayi abin da ba a taya ba?
Matan ofis suka saya,
waɗanda cunkoson gada ya cinye wa yamma,
ba su da sauran numfashin ciniki.

Tebur ya zama shago, shago ya sayi firij,
firij ya nemi janareto, janareto ya nemi banki.
Ya raɗa wa abin suna Rumbu.
Shekarar da naira ta faɗi
kayansa suka kwana wata huɗu a Apapa,
ya rufe rassa biyu, ya sayar da gidan Ogba,
ya dawo yana cin garau-garau a gefena
bai ce uffan ba.
Sannan ya tashi. Reshe goma sha tara.

Ba zan yi masa kwalliya ba.
Manomi kan kawo kaya ya jira kuɗinsa wata uku.
'Yar Iya Sikira ta rufe kantinta
a layin da Rumbu ya buɗe ƙofar gilashi.
Ya aika mata ambulan. Ta mayar.

Sau ɗaya ya kai ni reshen Lekki.
Sanyi ya kama ni a gwiwa.
Ga albasa cikin raga, an raba ta da warinta,
ba mai cewa albarka, ba mai cewa na sallama,
sai na'ura tana kukan tsako a kan kowane kaya.
Na ce wa yarinyar kanta: to, ina gyara?
Ta waiga neman mai gadi.
Sallau ya yi dariya har hawaye,
sai kuma ya yi shiru har muka hau gada.

A hawa na sha ɗaya yake sa hannu,
likita ya hana shi rabin abin da yake sayarwa.
Mai biskit dubu a kan kanta
yana karya kumallo da ganye da ruwan ɗumi.

Waɗanda ya sayar wa hannun jari
suka taru wata Alhamis cikin ladabi,
suka ba shi agogo da allon yabo,
suka raka shi har bakin lif.

Yanzu ran Talata yakan zo,
direba ya tsaya nesa saboda taɓo.
Ya naɗe babbar riga, ya zauna a bencina,
ya ɗauki albasa ya matsa wuyanta, ya shinshina.
Nawa kashi?
In faɗa. Ya ce tsada. In ce albarka.
Mu ja, mu ja, kamar kuɗin zai kashe ɗayanmu.
In na ƙulla leda sai ya ƙi karɓa,
ya bar hannu a buɗe, irin na ranar tebur,
har sai na jefa ƙanana biyu a kai.