Hanta da Jini

Jini na je bayarwa, ba labari na je nema ba.
Ƙanwata Jummala na kwance, haihuwa ta zo da gardama,
na baro kekena a Kasuwar Barci
da rigar wani ango rabi a ƙarƙashin allura.

Rifkatu mai gwaji ta daɗe tana duban ɗan tsinken nan.
Layi biyu, ja.
Ta ce, "Malam Tanimu, zauna tukuna.
Jininka ba zai shiga jikin kowa ba."

Hantata ta kaɗa.
Ashe ma ita ake zance.

Su biyar ne, in ji ta,
sana'arsu ɗaya, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.
A da E baƙin damina ne:
in kogi ya cika ya leƙo Kabala,
masai ya gaisa da rijiya,
sai su biyo moɗa, su biyo hannun da bai ga sabulu ba.
Su rina ido kamar gangamau,
fitsari ya koma shayin da ba madara,
galibi su yi sallama su wuce.
Sai dai E ba ta jin kunyar mai ciki.

C ta jini ce, allurar da aka maimaita.
Kullum da sabuwar riga, har yau an kasa yi mata rigakafi,
amma ƙwayoyin wata uku na iya fitar da ita daga gida.

"Taka fa B ce."

Nan na gane da idon tela.
Ba ta zuwa da yadi, ba ta zuwa da zare,
takardar awo kawai take riƙe da ita.
Ta shige ƙuryar ɗakin ƙwayar hanta, ta ɓoye takardar,
ta hau kekena, da zarena, da fitilata,
tana ɗinka irinta dubu kafin asuba.
D kuwa tsirara take yawo,
in ba ta ari rigar B ba, ko zaure ba ta wucewa.

Abin da ya fi tsaya mini:
ba ɓarauniyar ce ke yaga ba.
Masu gadin jikina ne, garin neman ta,
suke keta bango.
Hanta ta yi faci. Su keta. Ta sake faci.
Faci kan faci, shekara ashirin, talatin, ba ta ce uffan ba,
har lallausan yadi ya koma tamfol.

Na ce, yaushe ta shigo?
Rifkatu ta buɗe tafin hannu.
Wataƙila askar ranar suna,
wataƙila tun ranar da Inna ta sauke ni,
ba da saninta ba.

Sai Yaya Ɗantala ya faɗo mini,
cikinsa kamar tulu, ƙafafu kamar turmi.
Sammu muka ce.
Shekara shida ba mu gaisa da abokin cinikinsa ba.

Wani mai sayar da rake daga Rigasa ne ya ba da jinin.
Jummala ta sauka, mace.
Kafin kwana ya zagayo na tsaya a kansu
har aka soka mata rigakafi a 'yar cinya.
Ta tsala ihu. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Gobe zan kawo Ladingo da yara a duba su.
Jibi in koma a auna nawa ne a jinina.
Yau dai akwai rigar ango,
ga hannun hagu ban haɗa ba.