Dutsen Gualdino

A Caminha, inda kogi ke miƙa wa teku ruwansa,
ni ne mai sassaƙa sunayen matattu.
Shekara arba'in da guduma a hannu,
ƙurar dutse ta zama furfurata tun kafin furfura ta zo.

Ranar da aka kawo mini sunan Gualdino,
masuncin da teku ta riƙe kwana uku kafin ta mayar,
haƙorina na zogi, ruwa na dukan kwanon rufi,
sai hannuna ya riga idona:
na sa A a gaban U.
Gauldino.
Na hure ƙura, na duba sau uku,
na ce madalla, na karɓi kuɗina.

Limamin coci ya tsaya a kansa, ya yi addu'a, bai gani ba.
Magatakardan maƙabarta ya gwada da littafinsa, ya buga hatimi.
Abokan jirginsa su shida suka cire huluna,
kowa ya karanta abokinsa, ya share hanci, ya tafi.

Ermelinda kuwa, matarsa,
duk Lahadi tana nan da bokiti da soso,
shekara goma sha ɗaya,
tana bin haruffan da yatsa, lungu-lungu,
tana cire gansakuka daga cikin kuskurena,
ba ta taɓa gani ba.

Sai jikarta Benedita, 'yar shekara shida,
wadda karatu bai zauna mata a baki ba tukuna,
ta durƙusa, ta ɗora ɗan yatsa,
tana ja kamar mai jan taru mai nauyi:
Ga... u... l...
Ta ɗago. "Kaka, wane ne wannan?
Ba sunan kakana ba ne."

Da yamma na kai kunyata shagon kofi.
Olegário, tsohon malamin makaranta, ya yi dariya har da tari.
Ya ce ido ɗan aike ne mai gaggawa,
ya ga kan kalma, ya ga wutsiyarta, ya auna tsawonta,
ya ruga gida da rabin saƙo.
Ƙwaƙwalwa ba ta jira,
sai ta buɗe rumbunta ta cike giɓin,
ta ce ai na san wannan, mu wuce.
Kamar yadda kake gane ɗan'uwanka daga nesa cikin hazo,
ba hancinsa ka gani ba, tafiyarsa ce.
Kai ma da kake karnata wannan baiti,
ka tsallake rami yanzu ba ka ji ba.
Koma baya ka duba.

Ya ce mai sani shi ke makancewa.
Yarinyar ba ta da kowa a cikin dutsen,
haruffa kawai take da su,
shi ya sa ta gansu.

Washegari na je gidan Ermelinda da hulata a hannu.
Na ce zan sassaƙa sabo, kyauta, farin dutse daga tudu.
Tana gyaran kifi, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Shekara sha ɗaya ina kiransa a wurin nan,
yana amsawa.
In ka kawo sabon dutse, sai mu sake sabawa,
ni kuma gwiwoyina sun gaji.
Bar shi."

Na bar shi.
Yana nan a layi na huɗu, kusa da famfo.

Amma tun daga ranar, in na gama suna,
ba na karanta shi daga farko.
Ina farawa daga harafin ƙarshe, in koma baya,
a hankali, da yatsa,
har sai mutumin ya ɓace mini,
ya zama tsagi da lanƙwasa a jikin dutse.
In na tabbata babu harafin da ya shiga gidan maƙwabcinsa,
sannan in juyo, in kira sunansa.