Laraba a Bukuru

Ɗakin da nake aiki bai fi taku shida ba.
Kujera biyu, tebur mai gajeriyar ƙafa
da na tokare da ninkakken kwali,
taga mai kallon bayan asibiti
inda mai wanki ke shanya zannuwan gado.
A jikin ƙofa an rubuta sunana da digirina.
Ba a rubuta Sallau ba.

Sallau ƙanena ne.
Shekararsa tara, ni sha biyu,
ranar da Inna ta ce in sa ido a kansa
muka tafi tsinkar gwaiba bayan kududdufin kuza.
Ruwan kore shar, kwance,
kamar bai taɓa cin kowa ba.
Na juya in ɗaure kallabina.
Iyakar abin da na yi ke nan.
Na juya in ɗaure kallabi.

Shekara ashirin da uku
ban ƙara bin hanyar ba.
Ko ruwan baho ne ya kwanta
sai na sa hannu na motsa shi.

Yau Davou ya shigo
da rigar sanyi biyu, ɗaya kan ɗaya, saboda safiyar Jos,
ƙasar gonar dankali na nan a farcensa.
Ya ɗosana a bakin kujera
kamar an ce masa ta aro ce.
Ya yi zancen taki, ya yi zancen kuɗin buhu a Farin Gada,
da babur ɗinsa da ya koyi shan mai.
Na ƙyale shi.
Mai tsoron rijiya sai ya zagaya ta
kafin ya leƙa.

Can ya ce, "Yarinyata, Kachollom.
Zazzaɓi ne kawai.
Na ce a bari gari ya waye."

Sai kallabin nan ya dawo hannuna.
"Na san yadda kake ji" ta taso
har ta hau kan harshe.
Na haɗiye ta, ta sauka da ƙaya.
Ai ban sani ba.
Nawa ruwa ne, nasa dare.
Ni yarinya ce da aka ɗora wa amanar da ta fi wuyanta,
shi uba ne da ya ƙirga kuɗin aljihunsa a duhu
ya ga ba su kai na mota ba.
In na shimfiɗa masa tabarmata
zai koma gida da makokin Sallau,
ya bar na 'yarsa a nan, babu mai zama.

Malaminmu a jami'a ya ce
mu riƙa ajiye kanmu a bakin ƙofa kamar takalmi.
Na gwada. Wannan takalmin ba ya ciruwa.
Abin da na iya
shi ne in zaunar da Sallau a gefen taga,
in ce masa yi shiru, ba layinka ba ne.
Amma kuma shi ya sanar da ni
cewa bayan "da na sani" akwai wani rami
da "sai haƙuri" ba ta cika shi.
Masu gaisuwa sun faɗe ta a gidanmu kwana bakwai,
ba wanda ya tambaye ni launin rigarsa.

Sai na ce, "Wace irin yarinya ce?"

Davou ya dube ni.
Ya dubi zannuwan da iska ke kaɗawa.
Ya ce ba ta shan gwate sai an tsince mata gauta.
Ya ce awakin gida duk ta raɗa musu sunayen malamanta.
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya,
abin da ke ƙarƙashinta ya fito.
Na tura masa kofin ruwa,
teburin ya gyaɗa, ruwan ya motsa.
Ban ce komai ba.

Da ya tafi na rubuta a fayil: zai dawo Laraba.
Na ɗauraye kofin.

Shuɗiya ce rigar, mai maɓalli uku.
Na tsakiyan ni na ɗinka masa, da baƙin zare.