Mai Duba Maƙogwaron Agwagi

Kafin zakara ya yi cara a bakin Mekong
na riga na shiga kwalekwale,
akwatin ƙanƙara tsakanin ƙafafuna,
tsinken auduga ɗari da ashirin.

Tsoho Nhan ya san ƙarar injina.
"Suong, ke ce kuma? Agwagina garau suke,
jiya ma sun share dodon koɗin gonar shinkafa kaf."
Ya cafko ɗaya, ya wage mata baki,
na zura auduga, ta zage ni da yarenta.

Shekara tara ke nan
ina neman abin da ba na fatan gani.

Watan da kogi ke cika
gwamnati ta sa mu gwajin annoba.
Aka rufe firamare, aka jera gado arba'in,
wani ɗan acaɓa ya kwanta a matsayin majinyaci,
yana tarin ƙarya, yana satar kallon agogo.
Muka shiga rigunan leda, gumi har cikin takalmi.
Da muka buɗe rumbun takunkumin fuska
robar kunne duk ta ruɓe,
kana ja tana tsinkewa
kamar taliyar da ta dahu luguf.
Lambar gaggawa ta uku a jikin bango
ta likitan da ya rasu bara ce.
Matarsa ta ɗauka.

Na rubuta komai, shafi shida.
Wani mai kwat daga babban birni ya karanta biyu,
ya ce, "Duk kuɗin da muke zubawa,
ina cutar take?"
Na so in ce ba a fafe gora ranar tafiya,
mai gyaran rufi da rani
shi ne abin dariya, har hadari ya haɗo.
Ban ce ba. Na ƙara masa shayi.

Bayan wata biyu kwalaye suka iso,
rabin abin da na roƙa.
Na ƙirga, na ja robar na ji ƙwarinta,
na goge lambar mamacin, na sa tawa.
Tun ranar wayata ke kwana ƙarƙashin matashi.
Mijina Khoa ya ce ko sauro ya yi kuka sai na zabura.

Yau sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji:
ɗari da ashirin, babu komai.
Ba a kiran taro don babu komai,
ba a buga masa ganga.

Nhan ya kora agwaginsa ruwa,
jikarsa na biye da 'yar sanda,
majina na zubo mata.
Na tsaya ina kallonta
ɗan fiye da yadda ya kamata.