Tazarar Ƙwayar Gero

Sau uku na sayi filta cikin wata biyu,
sau uku na zagi Ikenna a zuci,
na ce ya haɗa ni da jabu.
Akori-kurar kuwa sai tari take,
tana shan baƙin mai kamar mai buɗa-baki.
In na hau gadar Kwangila da buhu ashirin na masara
ina jin ta tana roƙona.

Ran Laraba na kai ta Muciya, garejin Malam Barau.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗaga bonet, ya tokare da sanda,
ya zaro filtar, ya ɗaga ta ga rana,
ya ce wannan lafiyarta ƙalau.
Sannan ya kwance tiyon da ke bayanta,
inda ya kamata a ce iska ta riga ta yi wanka,
ya zura manuniya ya shafo.

Ja wur.
Hanyar Hunƙuyi ce a yatsansa, na gane ta,
da ƙaiƙayin masussukar Giwa,
da duk kasuwar da na ci bana.

"Maigadinka na tsaye a bakin ƙofa," in ji shi,
"ɓarawo na wuce ta gefensa, har da sannu da aiki."

Murfin ne.
Maƙallai huɗu gare shi, saura biyu.
Ban san inda ɗaya ya faɗi ba.
Ɗayan ya karye ne ranar sunan Uwani,
na ɗaure wurin da waya, na ce gobe.
Uwani yanzu har aikenta ake yi.

Ya lakato giris ya zagaye leɓen robar,
ya rufe, ya danna, ya buɗe.
Ko'ina giris ya bar shaida a murfi
ban da kusurwar da ke kallon inji.
Nan a bushe take, zafi ya lanƙwasa ta,
tazarar ba ta fi ƙwayar gero ba.
Na ce, ɗan wannan?
Ya ce, inji ba ya zaɓen abinci,
ta inda ya fi sauƙi yake ja.

Ya aiki Sallau wurin mai shayi
ya dawo da buta tana huci.
Suka yi wa murfin ruwan zafi har ya saduda,
suka kife shi a kan benci,
bulo biyu a bisa, da tsohon jak.
Muka zauna. Aka kira la'asar, muka je muka dawo.
Maƙallan kuwa daga wata gawar mota aka ciro su
a bayan gareji, inda kaza ke kwanci a kujerar direba.
Ba ta ji daɗin ziyarar ba.

Sabuwar roba, giris kuma.
Ya rufe: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.
Da ya buɗe, zoben ya haɗe, ba inda ya yanke.
Na tayar.
Ya kara guntun katako a bakin iska,
inji ya shaƙe, ya nemi mutuwa,
ba wani fito daga gefe.
Ban taɓa murnar jin abu ya kasa numfashi ba sai ranar.

Na ce, wadda ya riga ya ci fa?
Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.
"Ya ci. Ringi ba sa amai.
Juye mai yau, ka rage lodi,
ka daina cewa gobe."

Ya miƙo mini wayata, a lanƙwashe, ta yi tsatsa.
Tana aljihuna har yanzu.

Kafin magariba na biya Sabon Gari.
Ikenna na jawo ƙofar shago, ya ce, "Alhaji, filta kuma?"
Yaya ake ba mutum haƙuri
kan zagin da bai taɓa ji ba?
Na tsaya ina sosa ƙeya.
Na sayi fambel ɗin da ba na bukata,
ban nemi ragi ba.