Masu Rijiya

Daren Talata ruwa na dukan kwano a Farin Gada,
ni da Davou muna bene, saman shagon takin zamani.
Janareto na tari, shayi ya huce tun ɗazu.
Wata tara muna saƙa manhajar lissafin buhunan dankali,
gobe Hajiya Turai za ta biya,
dillalai goma sha biyu na jiran bakinta.

Sai idona ya faɗa kan wani ɗan fayil a lungu,
ko tsaba bai kai ba.
Lasisi.
Na wani mutum da ban san ƙasarsu ba,
wanda ya ƙera abin da ke buga mana rasit,
ya ajiye a bakin hanya, ya yi tafiyarsa.

Ga maganarsa, in na juya ta da bakinmu:
Ɗauki. Sayar ma in ka so, ban nemi sisi ba.
Amma sunana ya zauna inda na ajiye shi.
In ka taɓa, ka ce ka taɓa.
Wanda ka miƙa wa, miƙa masa a buɗe,
kamar yadda ka tarar.

Davou ya ja hular sanyi har kunne:
"Wa zai hau dutsen Shere ya leƙo kwamfutarmu?
Goge kawai, Nazifi. Kyauta ai kyauta ce."

Yatsana ya tsaya a kan maɓalli.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, can Bukuru,
mai ba da irin acca, kwano guda, ba ciniki.
Abu ɗaya take faɗa tana ɗaure bakin ƙulli:
in ya yi, kar ka hana na bayanka.
Ba ta taɓa zuwa gonar kowa duba ba.
Ta rasu. Irin bai rasu ba.

Na ce: "Rijiya ta ba da ruwa,
mu ne za mu zama gugan da ya hana?"

Muka kwana tsince, kamar masu fidda tsakuwa a shinkafa.
Ashe su goma sha bakwai ne a cikin kayanmu!
Yawancinsu ambato kawai suke so.
Biyu suka ce a buɗe abin da aka gyara, muka buɗe.
Ɗaya sharaɗinsa ya fi ƙarfin aljihunmu,
muka sallame shi da girma,
Davou na ƙunƙuni yana rubuta madadinsa har kiran assalatu.

Da hantsi Hajiya ta gyara tabarau,
ta ja allon har ƙasa, ta ga jerin sunaye.
"Waɗannan fa? Yaranku ne?"
Na ce masu rijiya ne.
Ta yi shiru, ta juya carbi sau biyu.
"To tunda ruwan kyauta kuka ɗebo, a rage min kuɗi."

Davou ya kalle ni da jajayen idanu.
Na ce: "Hajiya, ruwan kyauta ne.
Dakon ne namu."