Iskar da Na Saki a Dilimi

Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran firij a Dilimi,
a garin da sanyi ke zuwa kyauta,
ni kuwa da shi nake cin abinci.
Maigidana Davou ne ya koya mini:
in kwampireso ya mutu, datse bututu,
bar gas ya fita, ka ɗura sabo.
Fiiis, ya tafi.
Ba wari, ba hayaƙi, ba ya kama wuta,
ko ƙuda bai taɓa faɗuwa a gabansa ba.
Muka ce, wannan iska akwai ladabi.

Jiya Barira ta dawo daga karatu a Naraguta,
ta zauna kan wata matacciyar firiza,
ta ɗauki allin da nake rubuta bashi da shi,
ta zana ƙwallo uku a jikin ƙofa.
Ta ce, Baba, ga ozon.
Oksijin ne uku suka dafa juna
kamar duwatsun murhu.
Ka ɗora Dutsen Shere goma kan juna,
nan unguwarsu ta fara.
Su ke tare kaifin rana
kafin ya iso fata, kafin ya iso ido.

Ta ce, ladabin nan shi ne ta'asar.
Ruwan sama bai wanke gas ɗinka,
ƙasa ba ta cinsa,
ba ya shiga sabgar kowa, kowa bai shiga tasa,
sai yawo, shekara da shekaru, yana hawa,
har ya kai inda rana ba ta da mayafi.
Can ta buge shi,
ƙwayar kulorin guda ta ɓalle.

Ita ce ke zuwa murhu ta zare dutse ɗaya.
Biyu suka rage, tukunya ba ta zama.
Ta yi gaba da abin da ta ɗauko,
ta gamu da wani oksijin gwauro,
ta miƙa masa, su biyu su tafi abinsu,
ita ta karkaɗe hannu,
ba ta ragu ba, ba ta gaji ba,
sai murhu na gaba.

Na ce, ai dillaliya ce,
kaya na wucewa ta hannunta, ita tana nan.
Murhu nawa take rushewa?
Ta ce, guda ɗaya tak na iya kaiwa dubu ɗari.
Na ajiye sifana.

Ta ba ni labarin ƙarshen duniya ta kudu,
inda dare ke wata da watanni,
gajimare ya daskare ya zama faifai,
kulorin ya taru a kai yana jiran fitowar rana,
tana fitowa, rufi ya huje.
Na ce, sanyin ya kai na asubar Bukuru?
Ta yi dariya har alli ya faɗi.

Ashe shi ya sa ƙasashe suka sa hannu a Montreal.
Mu dai nan abin da muka gani,
farar silinda ta yi wuya, shuɗiya ta shigo,
muka ce dabarar 'yan kasuwa ce, a ƙara mana kuɗi.

Ta ce rufin yana warkewa, a hankali,
kamar gyambon da aka daina sosawa.
Amma gas ɗina na iya shekara ɗari bai mutu ba.
Na ce, wanda na saki shekarar da aka haife ki fa?
Ta ɗaga kai ta dubi kwanon shago.
Ta ce, yana can, Baba. Wani ma bai fara aiki ba.

Davou ya rasu da yana a idonsa biyu.
Ban ce wannan ne ba. Tsufa ma na kawo ta.

Akwai farar silinda ɗaya a ƙarƙashin benci,
tun zamaninsa, ta yi tsatsa a gindi.
Da Barira ta tafi na jawo ta,
na girgiza, na ji abu na motsi a ciki.
Na ƙara murɗa bakin da ƙarfi,
na kanga kunne,
ina sauraron ko tana shaƙewa.